Sifilin da Ba Sifili Ba Ne

Hoton da ya fara jawo maganar nan na wata jar ƙwallo ne, tana zaune a kan daɓe mai gida-gida baƙi da fari, fitila ɗaya tana haska ta daga sama ta hannun dama. Inuwarta ta kwanta daidai inda ya kamata. Amma jikinta, gefen da haske ke duka, ya cika da baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda a tsohon madubi. Daɓen ma bai tsira ba, sai dai nasa sun jeru layi-layi, a wani wurin sun yi zobe. Mu biyar ne a ɗakin, ni da ɗalibaina huɗu, kowa ya zuba wa allon kwamfuta ido. Ɗayansu ya ce, "Malam, wannan kuma mene ne?"

Ban sani ba. Da na faɗi haka, da maganar ta ƙare a yammacin nan. Sai na ba da amsa.

A shekarar 2022 ne, lokacin da malaman jami'a suka yi yajin aikin nan na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. 'Yan jami'ar unguwarmu suna zaune a gida ba abin yi. Ni kuwa sana'ata rubuta manhaja, ina kuma da ɗan shago inda nake koyar da kwamfuta, sai na tara huɗu daga cikinsu, maza uku da mace ɗaya, muna haɗuwa tsakanin la'asar da magariba. Na zaɓi mu gina manhajar zana hoto ta hanyar bin sawun haske, tun daga tushe, da harshen Python, ba tare da aron aikin kowa ba. Dalilina mai kyau ne, kuma har yau ina kansa: ina so su ga lissafin da suka haddace don jarrabawa ya haifi abin da ido ke gani.

Dabarar kanta ba ta da wuyar faɗi. Ka ɗauka kana tsaye a bayan taga mai raga, kana leƙen tsakar gida da ido ɗaya, kanka ba ya motsi. Kowace 'yar kafa ta ragar tana nuna maka ɗan yanki guda na tsakar gidan, da launi guda. In ka iya faɗin launin da ke bayan kowace kafa, ka gama zana hoton. Allon kwamfuta shi ne ragar, kafofin su ne ake kira fiksel. Hotonmu 640 ne a faɗi, 480 a tsayi, wato fiksel 307,200. Ga kowane ɗaya, manhaja tana harba kibiya daga ido, ta ratsa kafar, ta shiga fili, a duba abin da ta fara samu. In ƙwallo ce, a sa launin ƙwallo. In ba ta sami komai ba, a sa launin sararin sama.

A halitta ba haka haske ke tafiya ba, na kuma ji daɗin faɗa musu wannan. Magabata irin su Uƙlidis da Batlimus sun ɗauka ido ne ke fitar da wani abu ya je ya taɓo abin gani. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya yi babban aikinsa a Alƙahira, shi ya kafa hujja da gwaji a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske daga abu yake tasowa ya shiga ido. Mai bin sawun haske yana komawa ga ra'ayin da aka rushe ne da gangan, don tattali. Cikin hasken da fitila ke zubarwa, ɗan mitsitsi ne ke ƙarewa a ƙwayar ido, sauran bango da ƙasa suke shanyewa. In ka ce daga fitila za ka fara bi, kusan duk wahalarka a banza za ta tafi. Amma hanyar da haske ya biyo ya zo, in ka juya ta, ita ce dai hanyar. Sai ka fara daga ido ka koma da baya, kamar manomin da ya tarar an yi masa ɓarna a gona ya bi sawun dabba zuwa inda ta fito.

Tunanin ya girmi kwamfuta. Mai zanen nan na Jamus, Albrecht Dürer, a wani littafinsa na 1525, ya zana mutum biyu suna ɗaukar siffar wata irin garaya da zare: an maƙale zaren a bango a matsayin ido, ana kai bakinsa kan jikin garayar wuri-wuri, ana yin alama a inda ya ratsa wani firam. Mu ma sai da muka gwada da zaren ɗinki da ƙusa da buta. A kwamfuta kuwa, Arthur Appel na kamfanin IBM ya yi amfani da dabarar a 1968 don gano abin da ido ke gani da abin da ke cikin inuwa. A 1980 Turner Whitted na Bell Labs ya ƙara matakin da ya sa abin ya yi suna: in kibiya ta sami madubi, a sake harba wata ta inda madubin zai mayar da haske, in gilashi ta samu, a harba wata ta ratsa ciki a karye. Hotonsa na ƙwallaye biyu a kan daɓe ja da rawaya ya ci minti 74 a kwamfutar VAX 11/780, na'urar da ta kai girman kabad. Irin hoton nan muke son yi.

Kibiya a lissafi abu uku ce: mafari, alƙibla, da lamba ɗaya da ake kira t, wato nisan da ta yi daga mafarinta. In t sifili ce, kibiya ba ta motsa ba. In ta gaza sifili, ana maganar abin da ke bayanta ne. Don a san ko kibiya ta sami ƙwallo, sai a haɗa lissafinta da na ƙwallon, abin ya koma kwadiratik ɗin nan da kowa ya sha a sakandare. In ba shi da amsa, kibiya ta wuce ta gefe. In yana da biyu, ɗaya inda ta shiga ce, ɗaya inda ta fita, sai a ɗauki ta kusa. Ranar da da'irar farko ta fito a allo daga wannan lissafin, ɗaya daga cikin samarin sai da ya miƙe tsaye.

Inuwa ma haka take da sauƙi. Daga wurin da kibiyar farko ta sauka a jikin abu, sai a harba ta biyu ta nufi fitila. In ta isa ba abin da ya tare ta, wurin yana cikin haske. In wani abu ya tare ta a hanya, yana cikin inuwa. Layi shida ne na kod, ko bakwai.

A nan na haƙa ramin, tun kafin ɗalibai su zo. Da nake shirya darasin, na buɗe ɗan littafin Peter Shirley na 2016, Ray Tracing in One Weekend, wanda masu koyon wannan fanni da yawa suke farawa da shi. Ban karanta shi ba. Kod kawai nake dubawa, ina tsallake bayani, domin ina ganin na wuce a yi mini bayani. A wani layi na ga ya ce kada a karɓi t sai ta haura 0.001. Lambar ta tsaya mini a rai. Me ya sa 0.001, ba 0.002 ba? Daga ina ta fito? A ganina lamba ce marar asali, irin wadda malalacin mai rubutu ke cusawa don abu ya tafi. Abin da ke gaban kibiya shi ne duk t da ta haura sifili, haka lissafi ya ce. Na goge 0.001 na sa 0. Har na ji ina alfahari cewa ɗalibaina za su koyi abin a tsabtace.

Shi ya sa da ɗigo-ɗigon suka fito, ko kallon layin nan ban yi ba.

Amsar da na bayar ita ce: hatsi-hatsi ne, kuma kowa a fannin ya san shi. Na ba su labarin James Kajiya, wanda a 1986 ya rubuta lissafin da ya tattara duk yadda haske ke yawo tsakanin abubuwa, ya kuma kawo hanyar warware shi da ƙuri'a: duk inda kibiya ta sauka, a zaɓi sabuwar alƙibla da ka, a bi ta, a maimaita sau da yawa, a ɗauki matsakaici. Hoton da aka yi ta wannan hanya yakan fito da hatsi-hatsi in kibau sun yi kaɗan, kuma sai ka ninka su sau huɗu kafin hatsin ya ragu da rabi. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, ba ƙari ba ragi. Sai dai ba gaskiyar ɗakinmu ba ce. Manhajarmu ba ƙuri'a a cikinta ko ɗaya. Kibiya ɗaya ce ga kowane fiksel, ta tsakiyarsa, kullum hanya guda. Wani daga cikin samarin ma ya lura, ya ce, "Malam, na sake kunna ta sau uku, kuma ɗigon ba sa canza wuri." Hatsin ƙuri'a ba ya zama wuri ɗaya in an sake jefawa. Na ji shi sarai. Na ce mu ci gaba.

Sai yarinyar ta ɗaga hannu. Lissafi take karanta, tana aji biyu, kuma ita ce mafi ƙarancin magana a cikinsu. Ta ce, "Malam, kibiyar inuwar nan ai daga jikin ƙwallon take tashi ko? To me zai hana ta sami ƙwallon da ta taso daga kanta?"

Na miƙe na je allo. Na rubuta lissafin, na nuna cewa kibiyar da ta taso daga fatar ƙwallo ta nufi waje amsa biyu gare ta: ɗaya a bayanta, wadda muke watsarwa, ɗaya kuma t daidai da sifili. Sifili bai haura sifili ba, don haka manhaja ba za ta karɓe shi ba. Hujjar ba ta da aibi a kan allo, ko yau aka ce in sake rubuta ta haka zan rubuta. Na juyo na ce, "Bar wannan, ƙanwata. Kwamfuta ba ta kuskuren lissafi." Ta ce, "To, Malam," ta sunkuyar da kai.

Daga nan kowane mataki ya ɗora a kan na baya. Tun da na ce ƙarancin kibau ne, sai na sa muka ƙara: goma sha shida ga kowane fiksel, a warwatse cikinsa, a ɗauki matsakaicin launinsu. Ɗigo-ɗigon suka narke. Na ce, "Kun gani?" Sun gani, amma ƙwallon ta dusashe, janta ya koma kamar na zanen da ya sha wanki, farin daɓen kuma ya zama ruwan toka. Na ce fitilar ce ba ta da ƙarfi, na ninka ƙarfinta daga 1 zuwa 2. Hoton ya yi haske. Da sauran ƙaiƙayi a jikin ƙwallon, sai muka hau 64, daga baya 256. Ka lissafa: 307,200 sau 256 ya haura kibiya miliyan 78, ban da na inuwa da na madubi. Python ba shi da sauri a irin wannan aiki. Hoton da a da ba ya kai minti ɗaya ya koma na kwana. A bar kwamfuta a kunne da dare, a ɗauke wuta, batir ya mutu, a wayi gari ba komai.

Wanda ya fi shan wahala shi ne mai tsohuwar kwamfutar cikinsu. Ya zo mini da ƙorafi, na ce ya ƙara mata RAM. Ban duba ba. Da na duba, da na ga manhajarmu ko kusa da cinye abin da yake da shi ba ta yi ba, abin da take buƙata saurin lissafi ne. Ya karɓi kuɗi a wurin yayarsa, ya je kasuwa ya sayo, aka sa masa. Ko minti ɗaya bai ragu ba. Na ce to na'urar ce ta tsufa.

Mako uku muka yi a haka, har muka kai ga gilashi. Na yi musu bayanin yadda haske ke karyewa in ya bar iska ya shiga gilashi ko ruwa, ƙa'idar da ake jingina wa Snell na ƙasar Holan, wadda Ibn Sahl ya riga shi rubutawa a Bagadaza a 984. Muka sa wa gilashinmu ma'auni 1.5 kamar yadda aka saba. Ƙwallon gilashin ta fito gurɓatacciya, kamar kwalbar da aka cika da ruwan kwata. Kibau 256 ba su wanke ta ba. Kwana uku ina bin lissafin karyewar haske alama bayan alama, ina neman inda na juya ƙari ya zama ragi. Ban sami komai ba, domin ba komai a wurin.

Ranar Laraba ce, an tashi, samarin sun fita yin alwala. Ƙaninta da ke rako ta yana tsaye a bakin ƙofa. Ta jira har ɗakin ya zama ba kowa, sannan ta juyo da kwamfutarta wajena. Ta ce, "Malam, don Allah in ba takura, ka ɗan duba mini wannan. Wataƙila ni ce ban gane ba."

Layi ɗaya ta ƙara a kod ɗin. Duk lokacin da aka ce wani abu ya tare kibiyar inuwa, manhaja ta rubuta sunan abin da ya tare ta, da t ɗin da aka samu. Allon ya cika da jerin lambobi, dubbai, har sun wuce ƙasa. Sunan kusan duk ɗaya ne: ƙwallon da kibiyar ta taso daga kanta. A gefensa lamba irin 8.881784197001252e-16. Wato ɗigo, sifili goma sha biyar, sannan 888.

Na daɗe ina kallon lambar nan. Abin da zuciyata ta fara yi shi ne neman mafita: ko ta taɓa wani wuri a kod ɗin, ko nata ya bambanta da nawa. Na ja kwamfutar kusa, na bi shi daga sama. Nawa ne, harafi bayan harafi, ga sifilina nan a zaune inda na ajiye shi. Ba ta ce komai ba. Ina jin ƙarar buta da ruwan alwala a waje, ina jin zufa tana bin bayana. Sai hannuna da kansa ya buɗe wani wuri ya rubuta 0.1 + 0.2. Python ya amsa 0.30000000000000004.

Na san wannan amsar. Nan ne ciwon yake. Shekara da shekaru na san ta, na sha gargaɗin wasu ɗaliban da ita cewa kada su riƙe lissafin kuɗi da irin waɗannan lambobi. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma kamar yadda ba ka iya rubuta sulusi ya ƙare, sai 0.333 har ka gaji, haka ita ma ba ta iya rubuta ɗaya bisa goma ya ƙare. Gurbi 64 take da shi ga kowace lamba, bisa ƙa'idar IEEE 754 da aka kafa a 1985, wanda bai wuce lambobi goma sha biyar zuwa sha bakwai na gaskiya ba. Abin da ya wuce nan sai ta datse. Kowane haɗawa, kowane ninkawa, da ɗan abin da ke zubewa. Ilimin yana cikin kaina, amma a wani ɗaki na ajiye shi, mai suna kuɗi, ban taɓa tunanin ɗauko shi in kai ɗakin haske ba.

Da na ɗauko shi, komai ya buɗe a cikin minti ɗaya. Wurin da manhaja ta ce kibiya ta sauka ba a kan fatar ƙwallo yake daidai ba. Ko dai ya tsaya kaɗan kafin fatar, ko ya nutse kaɗan a cikinta, da tazarar da ba ido ba, ko tunani ba ya kamawa. In a waje ya tsaya, kibiyar inuwa ta tafi lafiya ta isa fitila. In a ciki ya faɗa, tana tashi sai ta ci karo da fatar ƙwallon daga ciki, a nisan da ya haura sifili da ƙyar. Amma ya haura. Ni kuwa na ce duk abin da ya haura sifili a karɓa. Manhaja ta bi umarnina, ta ce wurin yana cikin inuwa, ta sa baƙi. Ƙwallon ce ke yi wa kanta inuwa, fiksel nan e, na kusa da shi a'a, gwargwadon inda datsewar lamba ta faɗa. Shi ya sa ɗigon ba sa canza wuri, shi ya sa suke yin layi da zobe. Gilashin ma haka: kibiyar da aka ce ta shiga ciki sai ta sake samun fatar da ta riga ta ratsa, a sake karya ta, a sake, har ta ɓace.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ganin me na yi ta yi mako uku. Da na ƙara kibau, ban kori baƙin ba, dama shi na yi. Kusan rabin kibau suna dawowa da baƙi, rabi da ja, matsakaicinsu ja mai duhu. Ɗigo-ɗigon nan su ne kaɗai shaidar da ke ihu cewa akwai matsala, ni kuma na murje su har suka yi shiru. Duhun da ya biyo baya shaida ce ta biyu, na rufe ta da ƙarin fitila. Jinkirin da ya biyo shaida ce ta uku, na ɗora wa kwamfutar yaro. Ruwa ba ya tsami banza, amma ni duk lokacin da ya yi tsami sukari nake zuba masa.

Na yi ta tambayar kaina a daren nan me ya hana ni yin abin da ta yi. Layi ɗaya ne, ba ya cin minti biyar. Ɗigon ba su bayyana ba sai ranar da muka sa inuwa, a gefen haske kaɗai suke, in aka cire kibiyar inuwa sai su tafi. Duk wannan a gabana yake. Ba ƙarancin basira ba ne, kuma ba zan fake da shi ba. Na riga na ba da amsa a gaban yara, daga ranar kuma na daina neman dalili, na koma gadin amsata. Sannan sifilin nan nawa ne. Duk sauran kod ɗin abin da kowa ke yi ne, shi kaɗai ne wurin da na ga na fi mai littafi, don haka shi kaɗai ne ban taɓa tuhuma ba. Wanda ya taɓa gyara wa wani abu yana jin daɗin gyaran, ya san yadda ido ke tsallake wurin.

Akwai kuma abin da lamba ba ta nuna ba. Tun ranar da na je allo, yarinyar nan ba ta sake yin tambaya a aji ba. Na lura, kuma na ɗauka ta gamsu ne. Ashe tana komawa gida tana bin abin ita kaɗai, tana kokwanton kanta, domin Malam ya rubuta hujja. Da ta samu ma, sai da ta jira ɗaki ya zama ba kowa, ta kuma ce wataƙila ita ce ba ta gane ba. Ta yi mini karar da ban yi mata ba.

Na ce mata, "Ke ce da gaskiya, tun ranar farko." Ta ce, "Ai kai ka koya mana mu riƙa bugo lamba mu gani, Malam." Ban iya amsawa ba. Ƙaninta ya leƙo, suka tafi.

A gida na buɗe littafin Shirley, wannan karon ina karantawa. Bayanin yana nan, ɗan sashe da kansa, ba nisa da layin da na kwafa. Cutar har suna gare ta a wurin masu sana'ar, ƙurajen inuwa suke ce mata, kuma kusan duk wanda ya taɓa rubuta irin wannan manhaja ya gamu da ita.

Washegari na faɗa wa ajin komai, daga goge 0.001 har zuwa RAM. Na so ta nuna musu da kanta, kunya ta hana ta, sai na nuna da kwamfutarta, na kuma maimaita tambayarta kalma bayan kalma don su ji inda amsar take tun farko. Kuɗin RAM ɗin na miƙa wa mai shi, ya ce, "Haba Malam, wallahi ba zan karɓa ba." Sau biyu yana ƙi. Daga baya ta hannun yayarsa na mayar.

Ƙorafina a kan 0.001 yana da ɗan ƙamshin gaskiya, na kuma gaya musu haka don kada su fita daga wani rami su faɗa wani. Lambar ba daga wata ƙa'ida ta fito ba. Irin ɗan sararin nan ne da kafinta ke bari tsakanin ƙyaure da firam: ba ya cikin zane, amma in babu shi ƙofa ba ta buɗuwa, in kuma ya yi yawa iska da ƙura su shigo. Muka gwada 0.5 don mu gani. Inuwa ta rabu da ƙwallo a inda take taɓa daɓe, haske ya ɓullo a ƙarƙashinta kamar tana shawagi. Abin da ya dace ya danganta da girman filin da kake zanawa: tazarar da ta isa ɗaki ba lalle ta isa gari ba, domin lamba tana girma datsewarta tana girma. Wasu maimakon haka sukan ɗan ɗaga mafarin kibiyar daga fatar abu kafin su harba. Ko katunan hoto na RTX da Nvidia ta fitar a 2018, masu bin sawun haske nan take a cikin wasanni, mai rubuta musu kod sai ya ba kowace kibiya mafi ƙarancin nisan da za a fara ƙirga daga gare shi.

Muka mayar da 0.001, muka sauko da kibau daga 256 zuwa ɗaya. A tsohuwar kwamfutar nan muka kunna, na ce mai ita ya danna. Kafin a gama zuba shayi hoton ya fito. Ba ɗigo ko ɗaya, gilashin ya yi garau, ana hango daɓe a kife ta cikinsa. Amma hoton ya ƙone. Farin daɓen yana kashe ido, gefen jar ƙwallon ya koɗe ya tasam ma fari.

Mai kwamfutar ya juyo ya ce, "Malam, yanzu kuma me ya faru?"

Na buɗe baki, sai na rufe. Daga can gefe, a hankali, ta ce, "Fitilar ce."

Na gangara kod ɗin zuwa inda na rubuta 2 mako uku da suka wuce, na mayar da shi 1. Ya sake dannawa. Muka jira layukan suna saukowa daga sama, sararin sama da farko, sai bakin daɓe, sai kan ƙwallon ya ɓullo, ja wur.